Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Ina da tsage goma sha uku a fuska, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Ba ni na zaɓe su ba. An yi mini su a Mai Yara, cikin ƙasar Dakoro, ban ko cika wata guda a duniya ba. Kakata ce ta riƙe ni, wanzamin gidanmu ya yi aikinsa, aka ba shi hatsi da goro. Ni dai an ce na yi kuka har muryata ta dushe.

Satin farko da na zo Jami'ar Abdou Moumouni, wani Bazabarme ya tare ni bakin amfi ya ce: "Bagobiri, da wace mage kuka yi faɗa?" Na ce masa da wadda ta cinye kifin babanka. Muka yi dariya, ya saya mini shayi. Wannan wasa ne tsakanin taubasai, wasan da UNESCO ma ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. Wadda ta zame mini ƙaya ita ce maganar wani ɗan ajinmu, wanda ya dubi fuskata cikin tausayi ya ce, da Faransanci mai kyau, irin wannan abu ragowar duhun kai ne. Yana faɗa yana naɗe hannun riga don a ga zakin da aka zana masa a damtse, a bayan wata kasuwa, a kan jika biyar.

Shi nake wa wannan rubutu, da malam mai lasifika, da dattawan garinmu. Kowanensu yana nuna ɗan uwansa da yatsa, kuma babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kusa da rai: ƙarfen nan da zai shiga jikina, jikin wa ya shiga kafin nawa?

Bari in fara da kalmomi, tunda su nake karantawa. Bahaushe bai jira kowa ba wajen ba wannan abu suna. Muna da tsaga, da shasshawa, da zube irin namu na Gobirawa, da bille, da kalangu, da ƴar baka. Muna da jarfa, wadda ake tsattsaga fata a shafa baƙi ya zauna har mutuwa, irin ta iyayenmu mata, da irin wadda muke gani a fuskar matan Bororo idan sun shigo kasuwannin Dakoro. Har ma mukan ce "askarsa ta Gobirawa ce", wato sunan ƙarfen ya koma sunan asalin mutum. Duk wanda ya furta waɗannan kalmomi ya san da jini a ciki, domin a cikin tsaga ana jin tsagawa.

Sai ga tatuwaj. Kalmar ta Faransanci ce, su ma aro suka yi daga Ingilishi, Ingilishi kuma ya ɗauko ta daga mutanen tsibirin Tahiti lokacin tafiyar Kyaftin James Cook ta 1769. A can ana cewa tatau. Wato kalmar da ɗan ajinmu ke taƙama da ita ta mutanen da Turawan wancan zamani suka kira marasa wayewa ce. Ta yi yawo, ta sa kwat, ta iso Yamai tana ƙamshin turare. Ba a jin jini a cikinta. Amma aikin guda ne: a huda fata, a cusa baƙi a ƙarƙashinta. Gawar nan da aka tsinta cikin ƙanƙarar duwatsun Alp a 1991, wadda ta haura shekara 5,000, zane 61 aka ƙirga a jikinta, kuma da baƙin gawayi aka yi su, kamar dai jarfar kakata. Abin da ya ƙaru shi ne injin lantarki, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891. Injin ya ƙara sauri, bai canza jini ba. To in jarfa duhun kai ce, tatuwaj jarfa ce mai batir.

Kada a ce ina magana daga nesa. Bara ni ma na so in yi. Dalilina shi ne: duk abin da ke rubuce a jikina wani ne ya rubuta, ina son layi guda da ni na zaɓa. Na yi niyyar a rubuta mini sunan mahaifiyata da ajami a cikin damtse, inda riga ke rufewa. Abokin kwanana a site, wanda ya riga ni yi, shi ya raka ni wurin mutumin da ya yi masa.

Shagon aski ne, da labule a ƙurya. Mai aikin yaro ne mai fara'a, kuma wallahi hannunsa na da kyau. Muka tarar yana wa wani. Na zauna ina kallo. Tawada tana cikin murfin kwalba, yana tsoma allura yana komawa fata, yana tsomawa yana komawa. Da ya gama sai ya juye sauran tawadar cikin kwalbarta, don kada a yi asara. Safar hannu ɗaya ce, da ita ya amsa salula, da ita ya karɓi kuɗi. Ya goge bakin injin da auduga da alkol, ya dube ni ya ce: "Patron, bismilla." Na tambaye shi allura sabuwa. Ya ce akwai, amma da ƙarin jika guda. Na tambayi tawada fa? Ya yi dariya ya ce tawada ba ta ɗaukar ciwo. Na ce bari in je in dawo. Har yau ban dawo ba.

Bayan wata huɗu aka yi kiran ba da jini, muka tafi mu da yawa. Kwana kaɗan aka kira abokin nawa shi kaɗai. Ya dawo ɗaki bai ce uffan ba, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Sai da dare ya miƙo mini takardar: epatit B, ciwon hanta. Ya ce: "Tatuwaj ɗin nan ne ya kashe ni." Na raka shi wurin likita ina da tabbacin haka nake zuwa ji. Likitan ya yi masa tambayoyi: an cire maka beli kana jinjiri? Wa ya yi maka kaciya, ku nawa ne ranar? An taɓa yi maka ƙaho? An taɓa auna mahaifiyarka? Sannan ya ce allurar bayan labule za ta iya zama sanadi, amma a ƙasashenmu mafi yawan masu ɗauke da ciwon tun suna yara suka same shi, kuma babu awon da zai nuna wane ƙarfe ne ya kawo shi.

Wannan amsa ita ta hana ni barci, domin ta hana kowa cin nasara. Ɗan birni ba zai ce laifin ƙauye ba ne, dattijo ba zai ce laifin zamani ba ne.

Ga abin da na koya tun daga ranar, kuma ina ganin kunya ce a ce mai digiri bai san shi ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da epatit B a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ciwon ya kashe kimanin mutum miliyan 1.1 a wannan shekara. Mu sida muke tsoro, alhali ƙwayar wannan ciwo ta fi ta sida saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma tana iya yin kwana bakwai da ranta cikin busasshen jinin da ido ba ya gani, a kan aska ko allura. Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zauna musu. Jinjiri kuwa, tara cikin goma ko fiye, ta zauna ke nan. Ba ta ihu. Sai ta yi shekara ashirin, talatin, tana cin hanta a ɓoye, sannan ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, ko a ce sammu. Wa a cikinmu bai san magidancin da ya tafi haka yana da shekara arba'in ba? Akwai maganin da ke danne ta, amma ba ya fitar da ita. Akwai rigakafi, sai dai a Nijar a 2008 aka sa shi cikin allurar jarirai. Duk wanda aka haifa kafin nan, irina da mafi yawan masu karanta wannan takarda, to ya ɗauka ba a yi masa ba sai in shi ya kai kansa.

Yanzu ga malam. Ba na jayayya da hukunci. Hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, kuma Risala da muke karantawa a zaure ta hana. Na kuma san wa'azi na cikin abin da ya sa tsaga ke raguwa a garuruwanmu, ban hana malamai ladansu ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne inda maganar ke tsayawa. Ana cewa haramun ne, a rufe littafi, a shafa fatiha. Yaron da ya riga ya ƙudura ba ya fasawa, ɓoyewa yake yi. Wanda ke ɓoyewa ba ya tambaya, ba ya zaɓe, ba ya ciniki a kan tsabta, kuma in wurin ya ruɓe ba ya zuwa likita don kada a gani. Na san wanda ya yi sati biyu yana shafa man goge baki a kan gyambo saboda tsoron kada labari ya kai gida. Mun iya gaya wa ɗan kabu-kabu mai gudun banza ya sa hular kwano ba tare da mun halatta masa gudun ba. Me ya sa a nan kaɗai faɗin gaskiya ke zama goyon baya? Wanda ya yi zunubi yana da ƙofar tuba. Hantar da ta lalace ba ta da wannan ƙofa, kuma ciwon ba ya tsayawa kan mai laifin: yana bin matarsa, yana bin ɗan da za ta haifa, waɗanda ba su taɓa ganin labulen ba.

Don haka zan faɗi abin da ba a faɗa. In ka tambaye ni, kada ka yi. In ka ƙi ji, to ka ji wannan.

Ka fara da jikinka. Ka je a auna jininka, in ba ka da ciwon a yi maka rigakafin, allura uku ce cikin wata shida. Wanda ba zai iya jiran wata shida ba don abin da zai zauna masa har kabari, ba zane yake so ba, yabo yake so. Ka kuma dubi tsoffin tabunanka. In kana cikin masu tabon da ke kumbura ya yi tudu, abin da ya fi yawa ga baƙar fata, to ka haƙura, zakinka zai koma ƙulli.

Sannan ka je wurin ba ranar yi ba, ka zauna ka kalli yadda ake wa wani. Allura a buɗe ta a gabanka daga cikin ledarta, a jefa ta cikin akwatin da ba a sake buɗewa bayan an gama. Tawada a zuba maka taka a ɗan ƙoƙo sabo, abin da ya rage a zubar. Safar hannu sabuwa, bayan an wanke hannu da sabulu, in ya taɓa salula ya canza. Rezar aske wurin ita ma sabuwa. Duk ƙarfen da ake maimaitawa sai ya shiga otoklab, tukunyar tururi mai matsi da ke kai zafi digiri 121. Alkol ba ya maye gurbinta, balle turare, balle wutar ashana. Ka ce a nuna maka ita. Ka dubi kwalbar tawada, da sunan wanda ya yi ta da ranar lalacewarta. Tarayyar Turai tun Janairun 2022 ta taƙaita dubban sinadarai a cikin tawadar zanen jiki, mu kuwa a nan har da tawadar biro ake yi. In mai aikin ya ji haushin tambayoyinka, ka samu amsarka, tashi. In ka zagaye garin ba ka samu wurin da ya cika waɗannan ba, wannan ma amsa ce. Araha ba ta ado.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ana gogewa. Tawadar tana zama ne a fata ta ciki, ƙarƙashin wadda ke saɓulewa, shi ya sa ba ta fita. Gogewa da hasken leza zama ne bayan zama, kuɗinsa ya ninka na zanen, kuma a baƙar fata yakan bar fari ko tabo. Ka tuna da ranar awon shiga soja, da ranar gaisuwar surukai, da ranar da sunan da ka rubuta zai zama sunan matar wani. Ƴan uwa mata, ku ma kada ku ce ba da ku ake ba. Baƙin lallen nan mai kamawa nan take ba lalle ba ne zalla, ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, shi ke sa hannun wasu amare ya yi ƙuraje kamar ƙuna. Lallen gargajiya ja yake, kuma yana son haƙuri.

Saura dattawan garinmu, kuma nan ne alƙalamina ke nauyi. Da hutun bana matar yayana ta haihu, namiji. Na taso daga Yamai zuwa Maradi, na kama hanyar Dakoro, da fakitin reza cikin jakata. Na san abin da za a yi: a cire beli, a aske kai, kuma Baba yana son a yi wa jikansa zube. Da na buɗe baki sai Baba ya ce: "Kai da anka yi ma, mi ya same ka? Boko ta sa kana jin kunyar ubanka?"

Ban ji kunyarsa ba, kuma na gaya masa. Na san abin da waɗannan layuka suka ɗauka. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da kafa Tibiri a 1836, a zamanin da yaƙi da hari ke raba ɗa da uwa, fuska ita ce takardar shaida. Yaro in ya ɓace, kuncinsa zai faɗi gidansu. Amma yaron yayana yana da takardar haihuwa daga meri. Abin da tsagar ke karewa ya wuce, abin da askar ke iya ɗaukowa yana nan. Maƙwabtanmu na Najeriya tun 2003 suka sa a dokar kare haƙƙin yara cewa kada a yi wa yaro tsaga ko jarfa. Ni ba ɗan sanda nake nema wa Baba ba. Cewa nake: ɗan ajinmu mai zaki, duk wautarsa, shi ya miƙa hannunsa. Jinjirin kwana bakwai wa ya tambaya?

Wanzamin yana zaune yana jinmu, ɗan wanda ya yi mini nawa ne. Mutum ne mai mutunci, shi ke wa rabin garin aski da ƙaho, kuma ya san sirrin kowane gida bai taɓa fitarwa ba. Ya ce askarsa gadon kakansa ce, ba ta taɓa cutar kowa ba, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na ce: "Sarkin aska, gafarta mini. In da yanzu za ka yi wa mai shawara ƙaho, ka goge askar da tsumma, za ka yarda in tsaga ka da ita?" Ya yi shiru. Sai Inna daga bakin ɗaki ta ce: "Yo ai wanzami ba ya son jarfa." Kowa ya yi dariya, har shi. Ya miƙo hannu ya karɓi rezar.

Ban ci duka ba. An aske kan yaron da sabuwar reza, ba a yi masa zube ba, Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Beli kuwa an cire, da ƙarfen da aka tafasa, don a kan wannan mata suka taru suka fi ƙarfina, ko da yake likitoci sun ce cirewar ba ta da amfani, sai haɗarin zubar jini. Na sa yayana ya yi mini alkawarin kai shi allurar sati shida, da ta goma, da ta goma sha huɗu. Fakitin rezar da ya rage na bar wa wanzamin. Kuɗinsa duka bai kai na katin kiran da nake ƙonawa a sati ba.

Karin maganar da Inna ta jefa mun saba yi wa mai cuta wanda ba ya son a rama. Ni ina ganin ma'auni ne da ya isa kowa. Mai shagon bayan labule, za ka tsoma allurarka cikin wannan murfin ka zana wa kanka? Malam, in ɗanka ne ya riga ya yi, za ka so ya ɓoye maka gyambon ko ya faɗa? Baba, in da an jira ka girma an tambaye ka, da ka miƙa kuncin? Ni ma na auna kaina da shi: ina jin haushin an rubuta a jikina ba da izinina ba, sai ga ni zan rubuta a jikin dattijon da zan zama, shi ma ban tambaye shi ba. Shi ya sa na fasa, ban da hukuncin da na riga na sani. Sunan Inna na rubuta shi da ajami a bangon farko na kundin binciken da nake yi.

Abokina yana nan, yana zuwa awo duk wata shida, kuma shi ya ce in rubuta wannan, da sharaɗin kada in faɗi sunansa. An auna ƙannensa biyu, ɗaya yana da shi, kuma bai taɓa shiga shagon kowa ba. Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, ta faɗo cikin hutu, lokacin da yawancinmu muke gida. Kafin ka hau mota ka je a auna ka. Ka kuma sayi fakitin reza ka sa cikin tsaraba, kusa da sukari da shayin Baba.